Mu ke musu, daliget ke zaɓe: ina bakin talaka a zaɓen fidda gwani?

Talata, 31 ga Mayu, 2022

Ɗan_Ƙofar_Mata:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da tambayar da nake so manyanmu su amsa mini tsakani da Allah. Tun bayan ƙaramar salla babu majalisar da mutum zai zauna a birnin nan, daga teburin mai shayi har rumfunan Kantin Kwari, face ya tarar ana musu a kan wanda ya dace ya gaji Shugaba Buhari, har ta kai wasu abokai sun daina gaisawa. Amma ranar Asabar da ta wuce, mutanen da suka tsayar wa PDP ɗan takara a Abuja ba su kai 800 ba. Atiku Abubakar ya samu ƙuri'a 371, Nyesom Wike ya samu 237, Bukola Saraki ya samu 70. Wakili ɗaya aka ɗauka daga kowace ƙaramar hukuma. APC kuma za ta yi nata mako mai zuwa da wakilai uku-uku, wato mutum 132 ke nan daga ƙananan hukumomi 44 na Kano, jihar da masu rajistar zaɓe suka haura miliyan 5 tun 2019. To mene ne amfanin musun da muke yi, tunda kafin mu isa akwati an riga an zaɓa mana waɗanda za mu zaɓa daga cikinsu?

Malamin_Gwale:
Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, tambayarka tana kan hanya, amma ya kamata a san cewa ƙarancin wakilan na bana ne, ba haka abin yake ba a da. A can baya shugaban ƙasa da gwamnoni da 'yan majalisa, masu ci da tsofaffi, da shugabannin jam'iyya duk suna kaɗa ƙuri'a saboda muƙamansu. Sabuwar dokar zaɓe da aka sanya wa hannu ranar 25 ga Fabrairun bana, a sashe na 84, ta ce wakilan da aka zaɓa domin taron ne kawai za su yi zaɓe. Da 'yan majalisa suka farga cewa sun cire kansu da kansu, sai suka yi gaggawar gyara a watan Mayu, amma har yanzu shugaban ƙasa bai sa wa gyaran hannu ba. Saboda haka ko gwamna ba shi da ƙuri'a a zauren taron. A zaɓen APC na Disambar 2014 a Legas, ƙuri'un da aka kaɗa sun kusa 6,000, a na PDP na Fatakwal a 2018 kuwa wakilai sun haura 3,000. Ra'ayina shi ne duk lokacin da adadin masu zaɓe ya ragu, aikin mai kuɗi da na gwamna yana ƙara sauƙi, domin mutum 132 ana iya tara su a otel ɗaya a karɓe musu wayoyi.

Hajiyar_Singa:
Malam ya faɗi gaskiya. A layinmu akwai wanda aka saka a cikin daliget, mutumin da shekara da shekaru ba mu taɓa ganin mota ta tsaya a ƙofar gidansa ba. A makonnin nan da dare sai ka ga manyan motoci masu baƙin gilashi sun jeru har bakin masallaci, yara suna leƙe. Ba na zarginsa da komai, mutumin kirki ne, amma ba a taɓa tara mu a unguwa an tambaye mu ko mun yarda ya wakilce mu ba, kuma shi ma bai taɓa tambayarmu wa muke so ba.

JarHula_Fagge:
Hajiya, wannan matsalar masu jam'iyyun daliget ce. Mu madugunmu Sanata Rabi'u Musa Kwankwaso ya bar musu PDP tun watan Maris ya koma NNPP, domin ya san ƙarfinsa yana wurin talakawa, ba a jakar wakilai ba. Kada a manta cewa a 2014 shi ne ya zo na biyu bayan Buhari da ƙuri'a 974, Atiku yana bayansa da 954. Mutumin da ya kafa jami'ar Wudil da jami'ar Northwest, ya tura 'ya'yan talakawa karatu ƙasashen waje, ba ya buƙatar wani ya saya masa farin jini.

MasoyinWaziri_Tarauni:
Malam JarHula, tunda lissafi ka kawo, sai mu ƙarasa shi. A Fatakwal a 2018 Wazirin Adamawa Atiku ya samu ƙuri'a 1,532, Kwankwaso ya samu 158, ya zo na huɗu bayan Tambuwal da Saraki. Sannan ina so ka gaya wa zaure, a NNPP wa ke ja da madugun naku a kan tikiti? Idan babu, to ina zaɓin da aka ba ku? Jam'iyyar da mutum ɗaya zai shiga yau gobe ya zama ɗan takara ba ta fi mai daliget kusanci da muryar jama'a ba. Atiku dai ya shiga fili da gwamnoni masu ci, ya kayar da su.

JarHula_Fagge:
Ya kayar da su ne bayan Gwamna Tambuwal ya sake hawa mumbari ya janye masa ana dab da fara kaɗa ƙuri'a. Kowa ya gani a talabijin. Da bai janye ba, da lissafin da kake taƙama da shi ya canza.

Ɗan_Ƙofar_Mata:
'Yan'uwa, ku yi haƙuri, kun koma musun da nake kuka da shi. Ban tambayi wanda ya fi wani ba. Tambayata ita ce, ni da ke ɗinki a shago ina riƙe da katin zaɓe, a wane mataki ne ra'ayina yake shiga cikin tsayar da ɗan takarar shugaban ƙasa?

Dattijon_Gwammaja:
Ɗana, bari in ba ka amsa daga abin da na gani da idona. Ina saurayi aka yi siyasar PRP, kuma gidan Malam Aminu Kano na Mumbayya ba shi da nisa da gidanmu. A lokacin ɗan jam'iyya shi ke ciyar da jam'iyya. Mai faci da mai sayar da goro da ɗan dako kowa yana yankar kati da kuɗinsa, yana zuwa taron mazaɓa, kuma idan shugaban mazaɓa ya karkace a gabansa ake faɗa masa. Ban ce babu rigima ba, domin a gabanmu aka rabu gida biyu, Santsi da Taɓo, har Malam da Gwamna Abubakar Rimi suka raba gari. Amma rigimar ta 'yan jam'iyya ce, kowa ya san dalilin da ya sa ya bi ɓangaren da ya bi. A 1993 kuma, bayan Janar Babangida ya soke zaɓen fidda gwanin 1992, an kawo tsarin da mai neman shugabancin ƙasa zai faro daga mazaɓarsa, ya haura ƙaramar hukuma, ya haura jiha, kafin babban taro. Ta haka marigayi Alhaji Bashir Tofa, Allah ya jiƙansa, ya fito a NRC, Abiola ya fito a SDP a Jos. Da aka zo zaɓen 12 ga Yuni, Kanawa suka ba Abiola rinjaye a kan ɗan garinsu. Abin da nake so ka fahimta shi ne, ra'ayinka yana shiga ne a mazaɓa. Kano tana da mazaɓu 484. Wanda bai yanki katin jam'iyya ba, bai je taron mazaɓa ba, ya bar wa wasu kujerarsa, kuma su ba za su bar ta haka nan ba.

Malama_Rijiyar_Zaki:
Baba, Allah ya ƙara girma, maganarka abin riƙewa ce, amma ina roƙon ka ba ni dama in ja kaɗan. Ni na yanki katin wata jam'iyya, kuma na je taron mazaɓarmu da aka ce za a zaɓi shugabanni. Mun taru a filin makarantar firamare tun hantsi, mata a gindin bishiyar darbejiya, maza a bakin aji, har aka kira la'asar ba mu ga jami'in zaɓe ba. Daga baya wani ya zo a kan babur da takarda a hannunsa ya karanta sunaye, ya ce an yi masalaha. Babu wanda ya ɗaga hannu, babu wanda aka ƙirga. To irin wannan mazaɓar ce za ta haifar da wakilin da zai ji tsoron mutanen unguwarsu? Wanda ya rubuta sunansa shi zai yi wa biyayya.

Dattijon_Gwammaja:
'Yata, ban musa ba, na san ana yi. Sai dai mai karanta takardar yana samun ƙarfin hali ne idan ya ga mutum ashirin a fili. Da zai tarar da mutum ɗari biyar masu kati, da ya sake tunani kafin ya buɗe baki.

Injiniya_Sharaɗa:
A ganina maganin duk wannan shi ne a wajabta 'yar tinƙe, kowane ɗan jam'iyya ya fito ya bi layin wanda yake so. Majalisar ƙasa ta saka hakan a ƙudurin dokar zaɓe, amma shugaban ƙasa ya ƙi sa hannu a Disambar 2021, yana mai kafa hujja da tsada da matsalar tsaro da 'yancin jam'iyyu, shi ya sa aka dawo da zaɓi uku: 'yar tinƙe, wakilai, ko masalaha. Babu attajirin da zai iya sayen mutum miliyan goma.

Malamin_Gwale:
Injiniya, ina tare da kai a manufa, amma mu duba abin da ya faru a nan gida. A 2018 APC ta yi 'yar tinƙe wajen tsayar da Shugaba Buhari, kuma aka sanar cewa Kano kaɗai ta ba shi ƙuri'a sama da miliyan 2.9. Bayan 'yan watanni, a babban zaɓen Fabrairun 2019, inda ɗan jam'iyya da wanda ba ɗan jam'iyya ba kowa ke da damar zaɓe, ƙuri'un da ya samu a Kano 1,464,768 ne. Duk wanda ya ajiye alkaluman nan biyu kusa da juna dole ya tambayi inda rabin mutanen suka shiga. Matuƙar jam'iyya ba ta da sahihiyar rajistar 'ya'yanta wadda kowa zai iya dubawa, to 'yar tinƙe za ta koma hannun wanda ke riƙe da takardar rubuta sakamako. Ba sai ya sayi mutum miliyan goma ba, alƙalami ya ishe shi.

Ɗalibar_BUK:
Ina gaishe da iyayena da yayyena na wannan zaure. Ni abin da ya fi ƙona mini rai shi ne kuɗin fom. APC ta sayar da fom ɗin takarar shugaban ƙasa naira miliyan 100, PDP ta sayar miliyan 40. Mafi ƙarancin albashi naira 30,000 ne, wato ma'aikacin da ke karɓarsa sai ya yi sama da shekara 277 bai taɓa ko sisi ba kafin ya tara kuɗin fom ɗin APC. An rage shekarun takarar shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35 a 2018 aka ce an buɗe wa matasa ƙofa, amma wane matashi ne zai shiga ta wannan ƙofar? Mu kuma muna gida tun 14 ga Fabrairu saboda yajin aikin ASUU, fasinjojin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da aka sace ranar 28 ga Maris da yawansu suna daji har yau. Masu neman takara suna zagaya jihohi suna ganawa da daliget a ɗakunan taro, domin su ne masu ƙuri'a a yanzu. Da mu ne masu ƙuri'ar, da dole su tsaya su gaya mana ranar da za mu koma aji.

TsohonDaliget_Dala:
Jama'a, na ga ana ta ɗora wa daliget laifi, to bari in yi magana a matsayina na wanda ya taɓa zuwa babban taro shekarun baya. Mafi yawan wakilai talakawa ne irinku. Shi ne ke kwana yana liƙa fasta, shi ne wakilin akwati ranar zaɓe, shi ake zagi a unguwa idan gwamnati ta gaza, kuma da zarar an rantsar da wanda ya yi wa wahala, lambar wayarsa ta daina shiga. Shekara huɗu babu mai tuna shi sai wannan makon. Ga kuɗin makaranta, ga haya, ga mara lafiya a gida. Ban ce karɓar kuɗi daidai ba ne, haramun ne mutum ya sayar da amanar da aka ba shi, amma ku sani ko bai karɓi komai ba, ba shi da 'yancin da kuke zato. Tun daga gida ake saka ku a mota ɗaya, a sauke ku a masauki ɗaya, a daren zaɓe jagora ya zo ya faɗi sunan da jiha ta tsayar. Wanda ya kauce, za a gane, kuma siyasarsa ta ƙare a mazaɓarsa.

Hajiyar_Singa:
Alhaji, na ji uzurinka kuma na tausaya, amma wanda ya karɓi na mako ɗaya ya jawo mana na shekara huɗu. Mu da ke kasuwa mu muke ganin yadda magidanci ke zuwa da kuɗin kwano ya koma da rabin kwano. Ko hukumar EFCC sai da ta tura jami'anta wurin taron PDP ranar Asabar, wannan kaɗai ya nuna cewa maganar kuɗi ba ƙirƙirar 'yan adawa ba ce.

Lahadi, 5 ga Yuni, 2022

Gandujiyya_Nassarawa:
Zaure ya yi shiru, ga kuma labari ya canza. Jiya gwamnonin APC na Arewa sun fitar da matsaya cewa mulki ya koma Kudu bayan shekara takwas na Buhari, kuma sun nemi 'yan Arewa masu neman takara su janye. Wannan ita ce dattaku. Bola Tinubu ya taimaka aka haɗa APC a 2013, ya tsaya wa Buhari a 2014 da 2015 da 2019, Gwamna Ganduje ma bai ɓoye goyon bayansa gare shi ba. Alkawari kaya ne, kuma bai kamata a san Arewa da saɓa shi ba. Wanda ya riƙe Legas daga 1999 zuwa 2007 ya san yadda ake tara haraji da zaɓo ma'aikata masu ƙwazo.

Ɗan_Kurna:
Malam, ka tsallake jawabin da ya yi a Abeokuta ranar Alhamis, inda ya nuna cewa ba don shi ba da Buhari bai ci zaɓe ba, kuma yanzu lokacinsa ne. Mutanen Kano da suka ba Buhari ƙuri'a kusan miliyan 2 a 2015 ba wani ne ya aiko su ba. Shugabancin ƙasa ba adashe ba ne da kowa zai zauna yana jiran ranar kwasarsa. Idan Kudu za a kai, ni Farfesa Osinbajo nake gani, domin mun ga kamun ludayinsa lokacin da ya riƙe ƙasa a 2017 shugaban ƙasa yana jinya a Landan. Idan kuwa cancanta ce ba yanki ba, Sanata Ahmad Lawan yana majalisa tun 1999.

Gandujiyya_Nassarawa:
Osinbajo kwamishinan shari'a ne a gwamnatin Tinubu a Legas, kuma kowa ya san ta hannun wa ya zama mataimakin shugaban ƙasa. Mu a tarbiyyarmu ba a son yaro ya ja da maigidansa.

Ɗan_Kurna:
Wannan ita ce cutar da Malama ta Rijiyar Zaki ta bayyana, an ɗauke ta daga mazaɓa an kai ta sama. Idan biyayya ga maigida ita ce ma'auni, to ba mu da bakin kuka da ɗauki-ɗora.

Ɗan_Sabon_Gari:
Ina so in ja hankalin zaure ga wani abu da muke rainawa. Peter Obi ya fice daga PDP kwanaki kaɗan kafin zaɓensu, ya koma Labour, aka tsayar da shi a Asaba ranar 30 ga Mayu. Maƙwabtana 'yan kasuwa da ba su taɓa damuwa da zaɓe ba, yanzu suna rufe shago su tafi layin rajista tun asuba. Ko zai kai labari ko ba zai kai ba, Allah ne masani, amma shi da Kwankwaso sun nuna cewa wanda tsarin wakilai ya matse yana iya fita ya nemi jama'a kai tsaye. A nan ne nake ganin musun da mai tambaya ke rainawa yake da amfani, domin shi ke nuna wa ɗan siyasa cewa yana da mutane a waje.

MasoyinWaziri_Tarauni:
Mutane a waje ba su isa ba, ɗan'uwa. Tsarin mulki ya ce sai ɗan takara ya samu mafi yawan ƙuri'u da kuma kashi 25 cikin ɗari a kashi biyu bisa uku na jihohi. Jam'iyyar da ba ta da gwamna ko ɗaya, wa zai tsare mata akwati a ƙauyukan da mota ba ta shiga? Rarrabuwar nan ta 'yan adawa gida uku APC kawai za ta amfana.

Laraba, 8 ga Yuni, 2022

Malamin_Gwale:
Ga sakamakon zaɓen fidda gwanin APC na dandalin Eagle Square a Abuja ga waɗanda ba su bi ba: Tinubu 1,271, Rotimi Amaechi 316, Osinbajo 235, Ahmad Lawan 152. Mutum bakwai ne suka janye wa Tinubu a kan mumbari, ciki har da Gwamna Badaru na Jigawa da Gwamna Fayemi na Ekiti. Abin lura shi ne ranar Litinin shugaban jam'iyya Sanata Abdullahi Adamu ya gabatar da Lawan a matsayin ɗan takarar masalaha, gwamnoni suka ƙi, kuma doka tana tare da su, domin masalaha ba ta tabbata sai duk masu takarar da aka tantance sun amince a rubuce. Wannan ya nuna mini cewa ba daliget ne ma masu yanke hukunci ba kamar yadda mai tambaya ya ɗauka, gwamnonin da ke riƙe da su ne.

JarHula_Fagge:
Sun gama nasu, saura namu. A watan Fabrairu babu gwamnan da zai kulle Kanawa miliyan 5 a otel.

Ɗan_Ƙofar_Mata:
Na gode wa kowa, musamman Baba na Gwammaja da Malam na Gwale. Har yanzu ban gamsu cewa zuwa taron mazaɓa zai canza abin da Malama ta gani ba, kuma ban gamsu cewa zama a gida zai canza shi ba. Abin da nake so in sani yanzu shi ne, a cikinmu nan wa ke da katin jam'iyya, kuma akwai wanda ya taɓa ganin an ƙirga ƙuri'a a zaɓen wakilan mazaɓarsu?

Ɗalibar_BUK:
Yaya, ni ba ni da katin kowace jam'iyya, kuma ba zan yanka ba sai na ga wadda ta fito da tsarin da zai hana jami'a rufuwa wata huɗu. Katin zaɓe dai na je na yi rajista makon jiya, layin ya kai har titi, yawanci mata ne da 'yan makaranta. INEC ta ce ranar 30 ga Yuni za ta rufe, don haka wanda bai yi ba ya hanzarta.

Malama_Rijiyar_Zaki:
Ni ina da kati, kuma ban taɓa ganin an ƙirga ba. Baba ya ce a taru a cika fili, to ina neman shawararsa a kan yadda za a fito da matan aure zuwa taron da ba a sanar da ranarsa sai da daddare, kuma sau da yawa a canza wurin da safe ba tare da an gaya wa kowa ba.